Ɗana ya fara tsoron bindigar farauta, wace iri zan saya masa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mafarauci ne mai lasisi, na daɗe ina farautar barewa da makamantanta da bindiga mai cin harsashin .30-06 wadda na gada daga mahaifina. Ɗana yana da shekara 13, ba shi da jiki sosai, kuma tun yana ƙarami yake roƙona in riƙa fita da shi. Kwanakin baya na kai shi filin koyon harbi na ba shi bindigar ya gwada, sai madubin saiti ya buge shi a gira har ya fasa masa fata. Tun daga ranar, in na ce mu je sai ya kawo uzuri, in kuma ya je sai harsashinsa ya riƙa sauka ƙasa da inda ya nufa. Baffansa ya ce in ƙyale shi ya saba, wai haka mu ma muka koya. Wani abokina kuma ya ce in saya masa bindiga mai cin harsashin .243, amma ina jin ana cewa ba ta da ƙarfi, kuma ba na so in sayi bindigar da zai fi ƙarfinta nan da shekara uku. Na ma fara tunanin ko dai yaron ba shi da zuciyar farauta ne. Me zan yi?

Mahaifi mai damuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da maganarka ta ƙarshe domin ita ta fi tsaya mini a rai. Ɗanka yana da zuciya, kuma abin da kake gani a tare da shi ba ragwanta ba ne. Jikin ɗan Adam, babba ko yaro, idan ya koyi cewa duka da ƙara mai firgitarwa suna biyo bayan wani motsi, sai ya fara kare kansa tun kafin motsin ya cika, ba tare da neman izinin mai jikin ba. Shi ya sa harsashinsa yake sauka ƙasa: a daidai lokacin da yatsansa yake jan kunama, idonsa yana runtsewa, kafaɗarsa tana turowa gaba domin ta tari dukan da take jira, bakin bindigar kuma sai ya sunkuya. Manyan maharba da suka shekara talatin suna harbi suna kamuwa da wannan zabura idan suka matsa wa kansu da bindigar da ta fi ƙarfinsu, balle yaron da ya ga jininsa a ranar farko.

Idan kana so ka tabbatar da idonka, akwai gwaji mai sauƙi da masu koyar da harbi suke yi. Ka ɗura masa bindigar da kanka ba tare da ya gani ba, wani lokaci da harsashi na gaske, wani lokaci da harsashin gwaji wanda ba shi da albarushi, sannan ka tsaya daga gefensa ka zuba ido a kan fuskarsa da bakin bindigar. Sa'ad da ya ja kunama a kan harsashin da ba ya tashi, za ka ji ɗan ƙas kawai, amma za ka ga bakin bindigar ya yi ƙasa, fatar idonsa ta haɗe, wuyansa ya noƙe. Sai dai ina roƙonka kada ka yi wannan gwaji da .30-06 ɗin, kuma kada ka yi shi domin ka kunyata shi. Amfaninsa shi ne yaron ya gane da kansa abin da jikinsa yake yi.

Baffansa na neman yaron da alheri, amma a wannan magana ban goyi bayansa ba. Zabura ba ta tafiya da yawan shan duka, ƙaruwa take yi, domin kowane harbi mai zafi yana ƙara tabbatar wa jiki cewa tsoronsa gaskiya ne. Waɗanda suka koya ta wannan hanya suka tsira su ne kaɗai muke jin labarinsu. Waɗanda suka ajiye bindiga suka bar farauta tun suna yara ba wanda yake ƙirga su.

Yanzu mu dubi abin da yake dukan kafaɗarsa. Duk lokacin da albarushi ya ƙone ya tura harsashi gaba, da irin wannan turi yake mayar da bindigar baya, kuma abu uku ne suke yanke yawan dukan: nauyin kan harsashi da gudunsa, yawan albarushin da ke cikin kwanso, da nauyin ita kanta bindigar. Harsashin .30-06 Springfield, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, idan kansa mai nauyin giram 11.7 ne kuma bindigar ta kai kilo 3.5 ko ɗan sama da haka, dukan da yake yi wa kafaɗa yana kaiwa wajen jul 27 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin duka). Harsashin .243 Winchester mai kan giram 6.5 a bindiga mai kusan wannan nauyi bai wuce jul 12 zuwa 13 ba, wato ƙasa da rabi. Namiji mai kilo 80 yana shanye jul 27 ya ɗan girgiza, amma yaro mai rabin wannan nauyi, wanda ƙashin kafaɗarsa ba shi da tsokar da za ta rufe shi, duk jikinsa ne yake amsawa.

Duk da haka, ina ganin ba harsashin ne kaɗai ya fasa masa gira ba, ƙotar bindigar tana da nata laifin, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali domin nan ne iyaye suka fi yin sakaci. Tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen ƙota a bindigar manya takan kai santimita 34 zuwa 35, alhali yaro mai irin shekarun ɗanka yakan buƙaci santimita 30 zuwa 32. Idan ƙota ta yi wa mutum tsawo, ba zai iya zaunar da gindinta a lungun kafaɗarsa ba, sai ya ɗora ta a kan damtse, ya karkata bayansa baya domin ya ɗauki nauyin bututun, sannan ya miƙo wuya gaba yana laluben hoto a cikin madubi. A wannan tsayuwa bindigar ba ta manne da jiki ba, saboda haka idan ta tashi sai ta sami filin gudowa baya, abin da ta fara tararwa kuwa shi ne girarsa. Ka lura kuma cewa madubin da ke kan bindigarka an ɗaura shi ne daidai da tsawon wuyanka da faɗin fuskarka. Madubin kirki yana barin tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ido, amma wannan tazara ba ta da amfani sai an ɗaura shi a inda idon mai harbin yake sauka da kansa.

Hanyar aunawa ita ce ka tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, ka sa yaron ya saka irin rigar da zai fita farauta da ita, ya rufe ido ya ɗaga bindigar zuwa kafaɗa ya kwantar da kuncinsa a kan ƙota, sannan ya buɗe ido. Idan ta dace da shi, zai ga cikakken hoto a madubi ba tare da ya matsar da kansa gaba ko baya ba, gaɓar farko ta yatsansa za ta zauna a kan kunama ba tare da miƙa ba, kuma tsakanin hancinsa da babban yatsan hannun da ya riƙe ƙota za a sami faɗin yatsu biyu ko uku. Idan sai ya ɗaga kunci daga ƙota kafin ya gani, to ƙotar ta yi masa ƙasa, kuma ana gyara wannan da ɗan matashi da ake ɗaurawa a samanta. Fuskar yara ƙarama ce, galibinsu suna buƙatar wannan ƙari.

Akwai wani tarko da nake so ka kauce masa. Mai sayarwa zai iya miƙo maka bindiga mara nauyi ƙwarai ya ce ita ce ta yara, kai ma ka ɗaga ka ji daɗinta a hannu. Amma duk abin da aka rage a nauyin bindiga, kafaɗa ce take biyansa: harsashi iri ɗaya ya fi duka a bindiga mai kilo 2.5 fiye da mai kilo 3.5. Bindigar da nauyinta tare da madubi ya tsaya tsakanin kilo 3 da 3.5 ita ce daidai, tunda yawancin harbinsa zai yi shi ne bututun yana kan sandunan ɗorawa ko jaka, kuma a doguwar tafiya kai ne za ka ɗauka masa. Haka nan bututu mai gajarta sosai yana kawo ƙarar kusa da fuska, don haka santimita 51 zuwa 56 ya wadatar. A gindin ƙota kuma a sami roba mai laushi da kauri.

Sai maganar .243 da ka ji ana rainawa. Kamfanin Winchester ne ya fito da ita a 1955, ta hanyar matse wuyan kwanson wani harsashi da ya fi ta kauri, wato .308, domin ya riƙe kan harsashi mai faɗin milimita 6, kuma tun daga lokacin ake farautar barewa da ita a nahiyoyi daban-daban. Kan harsashinta mai giram 6.5, wanda za ka ga an rubuta 100 gr a jikin kwalinsa, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. A Ingila da Wales, inda dokar farautar barewa ta 1991 ta gindaya cewa faɗin harsashi kada ya gaza inci 0.240 kuma ƙarfinsa a bakin bindiga ya kai wajen jul 2,300 ga manyan nau'o'in barewa, .243 tana cikin harsasan da ƙwararrun mafarauta manya suka fi riƙewa. Saboda haka ba bindigar wasan yara ba ce. Abin da yake kashe dabba nan take ba tare da wahalar da ita ba shi ne harsashin da ya ratsa zuciya da huhu, kuma ƙaramin harsashi da ya shiga bayan ƙafar gaba ya fi babban da ya sauka a tumbi saboda mai harbin ya runtse ido. Mafi yawan labaran da ake bayarwa na cewa .243 ta raunata dabba ta gudu, idan ka bi diddigi za ka tarar ko dai harbin bai zauna ba, ko an yi amfani da kan harsashi mara nauyi, irin mai giram 3.5 zuwa 5 da aka ƙera domin ƙananan dabbobi, wanda yake tarwatsewa kafin ya shiga ciki. Domin barewa, ka nemi mai giram 6 zuwa 6.5 wanda aka ƙera ya buɗe a hankali yana nutsawa, ko mai bakin dalma ko na jan ƙarfe zalla. Harsashin da aka lulluɓe kansa gaba ɗaya da ƙarfe na atisaye ne, ba na farauta ba, kuma dokokin wurare da yawa sun hana harbin dabba da shi.

Iyakar .243 ita ce girman dabba. Idan kana da niyyar nan gaba ku nemi abin da ya fi barewa jiki sosai, akwai harsasai biyu da suka cancanci ka duba. Na farko 7mm-08 Remington, wadda ta fito a 1980 daga wannan kwanso na .308, tana jefa kai mai giram 9 da gudun kusan mita 850 a daƙiƙa, dukanta kuma yana wajen jul 17. Na biyu 6.5 Creedmoor ta kamfanin Hornady, wadda aka ƙirƙiro a 2007, dukanta yana kusa da na 7mm-08 ko ɗan ƙasa kaɗan, kuma dogon kanta siriri yana nutsawa da kyau. Ita .308 Winchester ta 1952 harsashi ne nagari da ake samu kusan ko'ina, amma da cikakken albarushi ta yi wa ɗanka yawa a yanzu, sai dai da harsasan da kamfanoni suke ƙerawa musamman masu rangwamen duka. .223 Remington kusan ba ta duka, amma ba ta yafe kuskure a kan barewa kuma dokar wurare da dama ba ta yarda da ita ba. .30-30 ta 1895 tana aiki a kusa, sai dai bindigoginta sukan zo da ƙota mai tauri.

Idan ra'ayina kake so kai tsaye, ga yaron da ya riga ya ji ciwo ya tsorata, .243 zan zaɓa, domin abin da ya fi buƙata yanzu shi ne ya dawo da amincewarsa da bindiga, kuma kowane jul da aka rage masa riba ce. Da bai taɓa jin ciwo ba, kuma da yana da jiki, da na ce 7mm-08. Kafin ka yanke, ka duba wanne daga cikinsu ake samun harsashinsa a kai a kai a inda kake, domin bindigar da ba a samun abin ɗura mata ba za a yi atisaye da ita ba.

Game da tsoronka na cewa zai fi ƙarfinta nan da shekara uku, bindiga ba takalmi ba ce da ake saya wa yaro babba a ce zai girma ya cika shi, tunda kafin ya cika ta ya riga ya koyi munanan ɗabi'un da za su bi shi har girma. Abin da yaro yake fin ƙarfinsa shi ne tsawon ƙota, harsashin kuwa yana nan daram. Kamfanoni irin su Tikka da Savage da Ruger suna ƙera bindigogi masu gajeriyar ƙota, wasunsu da faifan ƙari da ake sakawa a gindi domin a tsawaita ta yayin da hannun yaro yake tsawo, wasu kuma ana iya sauya musu ƙotar gaba ɗaya da ta manya. Ta haka bindiga ɗaya za ta yi masa aiki har ya cika shekara 20 ya wuce. Ita kuwa ta mahaifinka, ka shafe ta da mai ka adana. Ranar da ƙotarta ta zauna masa daidai kuma shi da bakinsa ya nemi ya gwada, sai ku fara da harsasai masu rangwamen duka.

A ɓangaren ƙira, ina ba ka shawarar mai sakata, wadda ake ɗaga hannunta a ja baya a fitar da kwanso. Da ka buɗe sakatar kowa yana ganin cikinta babu komai, kuma tana tilasta wa mai harbi ya dakata tsakanin harbi da harbi. Da farko ka riƙa ba shi harsashi ɗaya tak. Bindiga mai karyewa mai cin harsashi ɗaya tana da sauƙin fahimta, amma yawancinsu ba su da nauyi, kuma masu guduma a waje suna buƙatar babban yatsa mai ƙarfi wajen sauke gudumar idan an fasa harbi, abin da yake iya kuɓuce wa yaro. Mai sarrafa kanta kuwa, wato wadda take ɗura sabon harsashi da kanta bayan kowane harbi, a bar ta tukuna. Ka sa ya gwada makullin kunama, wato ɗan maɓallin da ke hana bindiga tashi, da yatsansa ka ga yana kai masa ba tare da ya saki riƙo ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka gano wane ido ne yake jagorantar ganinsa, domin ba kullum yake bin hannun da ake rubutu da shi ba. Ya miƙe hannuwansa biyu ya haɗa su ya bar ɗan rami a tsakiya, ya dubi wani abu mai nisa ta ramin da idanu biyu a buɗe, sannan ya jawo hannuwan zuwa fuskarsa a hankali; idon da ramin ya nufa shi ne jagora. Idan na hagu ne, ya fi sauƙi a koya masa harbi daga kafaɗar hagu tun yanzu a nemo masa bindigar bahago. Madubi kuwa mai ƙara girma daga sau 2 zuwa 7 ko daga 3 zuwa 9 ya isa, a bar shi a kan ƙaramin lamba, domin girma mai yawa yana nuna wa yaro rawar hannunsa har ya sa shi fizgar kunama.

Kada ka raina ƙara. Wani ɓangare na abin da yara suke kira zafin bindiga a kunne yake. Ƙarar bindigar farauta tana haura desibel 150 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali daga wajen 140 harbi ɗaya yana iya yi wa ji lahanin da ba ya warkewa. A filin atisaye ya haɗa biyu, abin toshe kunne na ciki da kuma na rufewa a sama, kuma ka duba cewa ƙota ba ta ɗage na saman idan ya kwantar da kunci. Ƙarfen nan mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bindiga domin rage duka yana ƙara ƙarar da ke dawowa wajen mai harbi, don haka ban so shi ga yaro ba. Na'urar rage ƙara, a inda doka ta halatta ta ga mafarauta, tana rage ƙara da duka gaba ɗaya.

Sabuwar bindigar ba ita za ta fara warkar da shi ba. Ku koma kan .22 LR, ƙaramin harsashin nan da ake amfani da shi tun 1887, wanda kusan ba ya motsa kafaɗa. Ya yi harbi da ita daga mita 25 zuwa 50, a zaune, bindigar tana kan jaka, ku tashi tun yana jin daɗi kafin ya gaji. Abin da za ka riƙa tambayarsa bayan kowane harbi shi ne inda saitinsa yake a lokacin da bindigar ta tashi. Ranar da ya fara ba ka amsa daidai, idonsa ya daina runtsewa ke nan. A gida kuma ya riƙa jan kunamar sabuwar bindigar da harsashin gwaji a gabanka, bayan an fitar da duk harsashi na gaske daga ɗakin. Sa'ad da kuka koma kan .243, harbi biyar zuwa goma a zama ɗaya ya isa, ana cakuɗa su da na .22, kuma da zarar ka ga zaburar ta leƙo sai ku koma baya ba tare da faɗa ba.

Ma'aunin fita daji kuma a bayyane yake. Wurin da zuciya da huhun barewa matsakaiciya suke bai wuce da'ira mai faɗin santimita 20 ba. Ka zana irin wannan da'ira a takarda, ya harba daga yanayin da zai yi harbi a daji, a zaune ko a durƙushe da sandunan ɗorawa. Nisan da yake zuba harsashi biyar a jere a cikin da'irar shi ne iyakarsa, ko mita 60 ne ko 100, kuma ba a ƙara masa ko taku ɗaya a ranar farauta komai kyan dabbar. Ka koya masa jiran dabba ta ba da gefenta tana tsaye, da duba abin da ke bayanta kafin ya ɗora yatsa, domin harsashin bindiga irin wannan yana iya tafiyar kilomita uku ko fiye idan bai sami abin da ya tare shi ba.

Tunda kai mai lasisi ne ka san hukumar da za ka tambaya, to ka tambaye ta tun kafin saye: shekarun da aka yarda yaro ya riƙe bindiga a ƙarƙashin kulawar babba, ko ana buƙatar ya yi kwas na koyon farauta, mafi ƙanƙantar harsashin da aka halatta, da dabbobi da lokutan da aka buɗe. A wurare da yawa bindigar za ta kasance da sunanka ne. Ko da ka ce masa tasa ce, ajiyarta a kulle take, harsashi a wani wurin daban shi ma a kulle, makullan kuma a hannunka kai kaɗai.

Abu na ƙarshe da ya rage shi ne ka zauna da shi ku biyu, ba a gaban baffansa ba, ka gaya masa cewa bindigar da ya harba ba a yi ta domin jikinsa ba kuma ba ka ga gazawarsa ba. Sannan ka tambaye shi ko har yanzu yana son farautar, ka ba shi damar ya ce a ɗan dakata ba tare da ya ga ɓacin rai a fuskarka ba. Idan ya ce yana so, ka tafi da shi wurin zaɓen bindigar ya ɗaga uku ko huɗu da kansa, ka sa a ɗaura madubin yana riƙe da ita a kafaɗarsa, kuma ku sake auna tsawon ƙotar a farkon kowace kakar farauta, domin a irin shekarunsa hannu yana iya ƙara tsawo sosai cikin shekara guda.